Ƙarar da Na Ji Na Yi Shiru

Shekara tara ke nan da aka kai Malam Ummaru bakanike makwancinsa a Kaura Namoda. Ni ce matarsa, Hajara, wadda direbobin tasha suka fi sani da Inna mai tuwo. Shekara talatin da huɗu muka yi tare. Ranar da ya rasu ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai da na fita takaba na shiga ajin manya, na zauna bisa benci da furfurata ina koyon baƙi da wasali. Saboda haka duk wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Maganar da ke ciki ba ta karkace ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro, a watan jiya ya faru. Ina cikin keke napep za ni kasuwar hatsi, wata tsohuwar babbar mota ta wuce mu, injinta yana bugawa kamar ana sara itace. Sai ɗaya daga cikin samarin da ke zaune gaba ya ce wa ɗan'uwansa, "Wagga kam Ummaru Kurma yad duba ta." Suka kwashe da dariya, har da mai keken. Ba su san ni ba. Shi ma ba su san shi ba, don sanda yake riƙe da sifana su yara ne ƙanana. Sunan kawai suka gada, ya zama abin da ake faɗi in an ga aikin banza. Na sauka ban kai kasuwa ba. Na zauna gindin wata bishiyar bedi na yi kukan da ban yi ba tun ranar sadakar arba'in.

To yau zan faɗi yadda aka yi mijina ya sami wannan suna, kuma duk wanda ya karanta ya yi hukunci da kansa.

Garejin Malam yana bayan tashar manyan motoci, fili ne kawai da rumfar kwano da wani ƙaton icen da ake rataya sarƙa in za a ciro inji. Rumfar tuwona tana manne da shi, zana ɗaya ce tsakaninmu. Tsofaffin motocin nan masu bodin katako, waɗanda ake kira roka, su ne aikinsa. Su ke kwasar gero da dawa daga Zurmi da Birnin Tsaba, su ke cika kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Mota ce mai haƙuri kamar jaki, amma tana da ciwo guda da ke kashe ta, shi ne cinyewar metal.

Ga wanda bai sani ba, a cikin inji akwai wata babbar sandar ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake kira kirankishaf, ita ce ke juyawa ta ba mota tafiya. Duk inda ta kwanta, da duk inda hannun fistin, wato ƙarfen da ke tura ta, ya kama ta, an shimfiɗa mata wasu siraran ƙarafuna masu kamar an raba awarwaro biyu. Su ne metal. Baƙin mai ke shiga tsakani don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. In metal ya tsufa, ko mai ya yi datti, sai wurin ya yi sako-sako, sandar ta fara dukan shimfiɗarta. In an kama da wuri, gyara ne na kwana biyu. In an ƙyale, wata rana kana tsakiyar daji inji zai buga, ya tsaya cak, sai dai a jawo mota da igiya.

Malam da kunne yake kama wannan ciwo. Yana da wani dogon rodi, ya dafa baki ɗaya a jikin inji, ɗaya a bayan kunnensa, ya rufe ido kamar mai sauraren karatu. Ya ce da direba, "Taka totur kaɗan. Saki. Sake takawa." Daga nan ya miƙe ya ce metal na uku ne, ko na biyar. A kwance kaskon mai a duba, a tarar haka ne. Har daga Shinkafi ake jawo masa mota, a wuce kanikawa nawa a hanya. Kuma ba ya sallamar motar da bai yarda da ita ba, ko ta wane ce. Ya sha cewa, "Mota ba ta mutuwa ba ta yi kuka ba. Mai ita na ka toshe kunne."

Ni kuwa ina bayan zana ina tuƙa tuwo, shekara da shekaru, ƙarar nan tana shiga kunnena ko ban so ba. Wata rana na ce masa, cikin wasa, motar Alhaji wane da ya gyara jiya har yanzu tana da sauran magana. Ya dube ni sheƙeƙe. Washegari ya buɗe, ya ga na yi gaskiya. Daga ranar ya fara koya mini, ba don komai ba sai nishaɗi. Ƙarar tafet, wato ƙananan ƙarafunan saman inji, in ji shi, siririya ce, kamar kaza tana tsattsagar tire. Wannan ba ta kisa. Ƙarar metal na hannun fistin kamar baƙo ne ke ƙwanƙwasa ƙofa, tana ƙara sauri in an taka totur, ta fi fitowa daidai lokacin da aka saki. Na ƙasa kuwa, wanda sandar ke kwance a kansa, ƙararsa mai nauyi ce, kamar ana daka a gidan maƙwabta kana ji ta cikin katanga. Wadda ta yi shekara arba'in tana daka ba a koya mata muryar turmi. Cikin wata biyu na iya.

Sai Allah Ya kawo abin da Ya kawo. Wata damina Malam ya yi zazzaɓi mai tsanani, ya tashi kunnen dama ya tafi ɗungum, na hagun ma sai an ɗaga murya. Shekarun da ya yi kansa na cikin injin da ba salansa su ma sun ci rabonsu. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi kallon bakin mutum, ya rage magana, direbobi suka ce tsufa ya sa Malam miskilanci. Amma ni da nake kiran sunansa sau uku a tsakar gida kafin ya waiwayo, ai mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Ran nan da hantsi na tarar da shi zaune da rodinsa bisa cinya, yana juya shi. Na ce, "Malam, ka aje rodin ga. Ni in zama kunnenka." Abin ya yi masa nauyi. Mutumin da garin nan kaf ya san shi da kunne, a ce mace mai tuwo ke ji masa? Amma akwai bakuna a gida, kuma ba shi da wata sana'a. Muka shirya. In an tayar da mota, zai dafa rodi kamar kullum, ya sa a taka totur sau uku, sannan ya kai idonsa wajen zanata, inda wani gurbi yake hango hannuna. In na daki tukunya da cokali sau ɗaya, ƙaramar ƙara ce. In sau biyu, metal ne. In ban motsa ba, inji lafiya. Sauran aikin nasa ne: ya ɗebo mai daga kasko ya murza a yatsa, ya duba a rana ko zai ga ƙyalli kamar garin tagulla, ya duba gejin mai, ya yanke hukunci. Shekara uku muka yi haka, ba mu taɓa kuskure ba, ba wanda ya taɓa ganewa. Ban taɓa jin ina da daraja a duniya kamar a shekarun nan uku ba.

Yanzu sai maganar Lawali. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da shekara huɗu innarmu ta rasu, ni na goya shi, da shi aka kai ni ɗakin Malam. Shekara ashirin yana tuƙa motar mutane kafin Allah Ya ba shi tasa, wata tsohuwar roka koriya da ta ga duniya. Da kaka ta shigo, 'yan kasuwar hatsi suka ba shi jigilar Alhamis ɗin Shinkafi, bisa sharaɗi guda: ranar da ya fasa, wani ya maye gurbinsa. Motoci na nan birjik suna jiran ya yi tuntuɓe.

Wata Laraba da azahar ya shigo gareji. Ka'idar tasha ce a lokacin, motar da za ta ɗauki mutane bisa kaya sai Malam ya saurare ta. Kafin ya je wurin Malam ya fara leƙowa rumfata, ya tsuguna gefen murhu kamar yadda yake yi tun yana yaro.

"Yaya, a sammini ƙanzo."

"Kai da iyalinka kana roƙon ƙanzo? Mi ka faruwa? Fuskarka ba ta yi min ba."

Ya yi ƙasa da murya. "Motar na tana wata 'yar magana da sahe. Ba komi ba ta. Ki roƙa min Malam kar shi tsananta. In na dawo jibi in kawo ta da kaina, shi kwance ta duka in shina so."

Bai san ni ce kunnen ba. Shi dai ya zo wurin yayarsa ne ta sa baki. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, ban saba shiga aikin maza ba.

Malam ya fito yana goge hannu. Akwai wasa tsakaninsu irin na mijin ya da ƙanen mata. Ya ce, "Ango na koriya, har yau ba ta sake ka ba?"

Lawali ya ce, "Tsoho, kai ma da yayata tah haƙura da kai, bare mota."

Malam ya zaro sandar gwada mai, ya duba, ya murza a yatsa. Sai na ga fara'arsa ta ragu. Man sabo ne fil, kuma mai kauri, irin wanda ke zuba kamar zuma. Wanda duk ya san mota ya san abin da ake nufi da juye mai mai kauri ana gobe tafiya: yana cike sako-sakon, ya danne ƙara, ya kuma wanke ƙyallin tagullar da zai tona asiri. Gejin mai na motar kuwa ya mutu tun kafin Lawali ya saye ta. Ke nan duk shaidun Malam an kore su, saura ɗaya.

Ya ce, "Yaushe kaj juye mai?"

"Lokacinai na yay yi, Malam."

Malam ya sa aka tayar, ya bar inji ya yi zafi sosai, don mai ya saki. Ya dafa rodi. "Taka. Saki. Taka." A sakin farko ban ji komai ba. A na biyu na ji ta. Can ƙasa, a ɓoye ƙarƙashin rugugin inji, baƙon nan yana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. A na uku babu sauran shakka. Metal ne, kuma ba jiya ya fara ba.

Malam ya kai idonsa ga zana.

Cokalin yana hannuna. Ina ganin Lawali ta gurbin, ya riƙe ƙofar mota, yana murmushin da ba na murna ba. Na tuna shekara ashirin ɗinsa a motar mutane. Na ce a raina tafiya ɗaya ce, Shinkafi ba Makka ba ce, motar da ta kai yau za ta kai jibi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na sa cokalin cikin miya na ci gaba da juyawa.

Malam bai ɗauke ido ba. Ya sa aka sake takawa har sau biyu, abin da bai taɓa yi ba, yana kallona. Jikinsa ya ba shi. Ban motsa ba. Daga ƙarshe ya sauke rodi ya buga bodin motar da tafin hannu ya ce, "Allah Shi kiyaye hanya."

Ta kai Shinkafi lafiya. A dawowa ne, da la'asar, da lodin gero har sama da mutane bisa buhuna, bayan an wuce Moriki, inji ya buga. Waɗanda ke ciki sun ce sun ji kamar an harba bindiga a ƙarƙashinsu, hayaƙi ya turnuƙe, motar ta ja ta tsaya a hawa, ta fara komawa baya kafin a jefa mata waigi a bayan taya. Lokacin an fara jin ɗuriyar masu tare hanya a dajin nan, don haka ba wanda ya tsaya tambaya. Mutane suka dira, mata da goyo, tsofaffi, aka watse cikin gonaki. Wani dattijo mai awon gero ya faɗo daga saman kaya ya karya ƙugu. Da sanda ya ƙarasa rayuwarsa. Ba a rasa rai ba, wannan kuwa ikon Allah ne, ba dabarar kowa ba.

Ran Asabar aka jawo motar. Malam ya shiga ƙarƙashi da kansa, ya kwance kaskon mai, ya kwance murfin hannun fistin na huɗu. Da la'asar ya shigo gida, ina tankaɗe, ya ajiye wani abu a gefen faifaina. Metal ɗin ne. Farin samansa ya cinye kaf, jan tagulla ya fito, gefe guda ya narke ya yi baƙi.

Ya ce, "Hajara, wanga ba ciwon kwana ɗaya ba na. Wanga ya yi kuka."

Ni da garin nan ya sani da baki, ni da direba ba ya cin tuwona ya kawo raini, sai ga ni na sunkuyar da kai bisa faifai.

Ya ce, "Kin jiya?"

Na ce, "Na jiya."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki buta. Ko zagi ɗaya bai yi ba. Wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Washegari shugabannin tasha suka kira shi rumfarsu, da 'yan kasuwar da geronsu ya kwana a daji, da 'ya'yan dattijon da ya karye. Ina ɗaura gyale zan bi shi, ya tsaya a bakin zaure ya tare ni.

Na ce, "Sai na hwaɗi. Ni nis san abin da niy yi."

Ya ce, "Ki hwaɗi mi? Ki ce shekara uku mata ka yi min aiki ina karɓar yabo? Ki ce ƙanenki ya juye mai shi ruɗe ni, su kore shi tasha har abada? Ki ce ke kin ji kin yi shiru, ɗiyan tsohon ga su riƙe ki? Mutum uku za ki kashe, Hajara. Ni ɗaya ya isa. Ni nib buga bodin motar, ba ke ba. Kuma ban yahe miki ba in kinka buɗe baki."

Ya je ya tsaya gabansu ya ce kunnensa ya mutu tun shekara uku, ya ɓoye, bai ji ƙarar ba, laifinsa ne. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta zauna. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidanmu ba haka aka yi ba. Ni na ja, shi ya jiƙe.

Bai bar motar haka ba. Ya ce shi ya sallame ta, shi zai tashe ta. Ya rataya sarƙa ya ciro injin, ya wargaza shi bisa buhunan da ya shimfiɗa, kowane murfi da alamar da ya buga masa don kada na biyu ya koma gurbin na biyar. Kirankishaf ya yi zane inda metal ya narke, har farce na kamawa. Ya naɗe shi da tsumma ya kai Gusau da kansa, aka goge shi a injin masu wannan aiki, aka rage kaurinsa kaɗan, ya sayo sabon metal mai kaurin da zai cike abin da aka rage. Hannun fistin na huɗu ya yi shuɗi don zafi, ya jefar ya nemo wani. Kwana guda cur ya yi yana wanke hanyoyin mai da kananzir, yana zura waya, yana hurawa, don ya ce ɓarɓashi ɗaya in ya saura zai cinye sabon metal kamar gara. Wajen haɗawa kuwa, ya shafa wa kowane metal mai da yatsa, ya ɗaure murfi ɗaya, ya juya sandar da hannu, ya ji ta tafi sumul, sannan ya matsa na gaba. In ta ɗan cije ya kwance ya sake. Wannan aiki ba ya son kunne, hannu yake so, hannunsa kuwa bai taɓa kurmancewa ba. Har sabon gejin mai ya ɗaura mata.

Kwana goma sha ɗaya ina kallonsa ta gurbin zana. Ina aika masa tuwo ya ci, ya aiko da kwano. A gida muna gaisawa, yana tambayar yara, yana kawo cefane. Ba abin da ya sake sai abu ɗaya, ranar da aka tayar da injin na gan shi.

Ta tashi bugu ɗaya. Allurar geji ta hau ta tsaya inda ake so. Ya bar ta ta yi zafi, ya ce a taka, a saki, a taka. Na kasa kunne kamar raina zai fita. Tsaf take, ko tsattsagar kaza babu, ban taɓa jin roka mai daɗin murya irin ta ranar ba. Na ɗaga kai ina jiran idonsa. Bai duba ba. Allurar yake kallo. Ya kashe mota, ya miƙa wa Lawali makulli, ya tattara sifanunsa cikin akwati ya ɗauka a kai ya yi gida. Bai sake komawa gareji ba. Ko da ya so, wa zai kawo wa kurma mota?

Shekara biyu ya ƙara a duniya. Ya koma ɗan gonarmu ta hanyar Zurmi, yana noma abin da ya samu. In babbar mota ta wuce ƙofar gida, nakan ga ya dafa ƙasa da tafin hannu yana jin girgizarta. Ana gobe zai rasu, da rana tsaka, na matsa bakina ga kunnensa na hagu na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tun yaushe. Ke dai ki riƙa jin tausayin kanki." Ya yafe, na yarda. Amma yafiya daban, amana daban. Ta farkon ya ba ni. Ta biyun ni na fasa ta, kuma bai yi ƙaryar cewa ta ɗinku ba. Shi ba ya sallamar abin da bai gyaru ba.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Hanyar da a da in mota ta lalace sai dai a kwana ana hira gindinta, yanzu wurin da mota ta tsaya nan ake kwashe mutane a shiga daji da su. Direbobi na jiran juna a taru kafin a kama hanyar Shinkafi, kowa na addu'a kada tasa ta yi tari. Gonaki da yawa na wajen Zurmi sun koma saura, lodin ya ragu, kayan gyara sun yi tsadar da mai mota ke ganin sabon metal kamar zinariya. To a wannan zamani da ciwon inji ya zama maganar rai da mutuwa, a nan ne kuma juye mai mai kauri ya zama ruwan dare. Ina zaune a rumfata, don har yau ina tuwo, ina jin su suna wucewa suna ƙwanƙwasa, da mutane maƙil a sama. Ba mai saurarensu kafin su tashi. Wannan ka'ida ta bi Malam.

Na san da yana nan da ba zai yi dogon wa'azi ba. Zai zare makulli ne ya sa a aljihu ya ce a kira uban kowa. Ni ba ni da ikon zare makulli, amma ina da baki. Yanzu in na ji ta, fitowa nake in tsaya gaban mota in ce, "Direba, metal ɗinka ya ci, sauke bayin Allah." Wasu su ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Wasu su buɗe su gani, su dawo su ce, "Inna, wa ya koya miki?" In ce wani bakanike ne da ba ku kai ku riƙe masa sifana ba.

Me ya rage na Malam Ummaru? Garejin an yi shaguna a wurin. Icen sarƙa an sare. Koriyar ta yi shekara shida tana aiki bayan gyaransa ba a sake buɗe cikinta ba, sai da bodinta ya ruɓe aka sayar da ita. Injin, an ce, yana can yana jan injin niƙa a wani ƙauye. 'Ya'yansa ba wanda ya gaji sana'ar. Abin da ya saura a bakin mutane shi ne sunan nan da samari ke dariya da shi, kuma sunan ƙarya ne.

Kafin in aiko da wannan rubutu na kira Lawali, wanda yanzu ciwon baya ya sauke shi daga babbar mota, na karanta masa tun daga farko. Sai ranar ya san ni ce kunnen. Ya rufe fuska da hularsa ya daɗe. Da ya buɗe ya ce, "Yaya, kar ki cire sunana. Ki sa shi yadda yake." Na kuma je gidan 'ya'yan dattijon nan mai awon gero na faɗa musu da bakina. Babbansu ya ce sai ya yi shawara da 'yan'uwansa. Har yau ban ji daga gare su ba, kuma ba ni da bakin cewa sun daɗe.

Saboda haka ina roƙon wanda duk ya iya karatu a tashar Kaura, da ta Shinkafi, da ta Zurmi, ya karanta wa wanda bai iya ba. Kunnen Malam Ummaru ya mutu, gaskiya ne. Amma bai taɓa sallamar mota da ganganci ba, ko sau ɗaya. Ya tambaya, har sau biyar ya tambaya, wadda ya amince wa ce ta ji ta yi shiru. In ana neman sunan da za a liƙa wa aikin banza, ga nawa, Hajara, ina nan da raina, ku zo ku faɗa a gabana.

Na san ya hana ni wannan magana. Sau biyu ke nan ina saɓa masa a zamanmu. Na farko don jinina na yi. Wannan nasa ne, in mun haɗu ya yi mini faɗan.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta, Ya jiyar da shi abin da ya fi duk abin da ya rasa ji a duniya.